Abin da Kuɗi Ke Saye a Na'urar Busar da Gashi

Na'urar busar da gashi, wadda masu shagunan gyaran gashi suka fi kira handiraya, tana cikin kayan lantarkin da ake saye da ido, domin mai saye yakan duba launi da nauyi da lambar wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ya biya ya tafi, ba tare da ya tambayi yawan zafin da iskar za ta kai idan ta sauka a kan gashi ba. Farashinta ya faro daga abin da bai kai dala 20 ba har ya haura dala 400, kuma wannan tazara ta sa mutane da yawa suka ɗauka cewa gwargwadon tsadar na'ura gwargwadon lafiyar gashi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa abubuwa biyu ne ke tsare gashi daga ƙuna, wato yawan iska da ikon rage zafi, kuma duka biyun ana samunsu tun kafin a kai ga na'urori masu tsadar gaske, matuƙar mai saye ya san inda zai duba.

Fahimtar wannan tana buƙatar a fara sanin yadda silin gashi yake. Mafi yawansa furotin ne da ake kira keratin, kuma kowane sili yana da ɓawo na waje wanda ƙananan sassansa suke kwance bisa juna kamar ɓawon kifi, sa'annan a ƙarƙashinsa akwai tsokar gashin, inda ƙarfi da launi suke. Ɗauri iri biyu ne ke riƙe da zarurrukan keratin: akwai mai rauni na haidirojin, wanda ruwa ke kwancewa ya sake ɗauruwa idan gashi ya bushe, kuma shi ne dalilin da ya sa ake iya miƙar da gashi da na'ura ya koma yadda yake bayan wanki, akwai kuma mai ƙarfi na sinadarin sulfa, wanda man rilaksa ke karyawa har abada. Abin da ya fi kamata a riƙe shi ne cewa silin da ya fito daga fatar kai ba shi da rai, ba ya warkewa idan ya tsage, kuma babu man da zai mayar da shi yadda yake, sai dai ya lulluɓe aibin na ɗan lokaci. Da yake tsiron gashi kusan santimita ɗaya ne a wata, na mutanen Afirka ma yakan gaza haka kaɗan, ƙarshen gashin da ya kai kafaɗa ya shekara biyu ko fiye yana shan wanki da taza da zafi, kuma kowace ɓarna tana taruwa ne a kan ta baya.

Zafi yana yin ɓarnarsa ta hanyoyi da aka sani. Idan gashi ya jiƙe yakan kumbura, idan kuma iska mai zafi ta busar da ɓawon waje da gaggawa alhali ciki yana nan a kumbure, ɓawon yakan tsuke a kan abin da bai tsuke ba, sai ya tsattsage, kuma maimaita hakan mako bayan mako shi ne ke sa gashi ya yi kaushi, ya daina sheƙi, ya riƙa sarƙewa a mataji. Idan zafin ya yi tsanani ƙwarai, ruwan da ke cikin silin yakan tafasa ya bar kumfa a cikinsa, lamarin da likitocin fata suka bayyana a shekarar 1986, kuma gashin yakan karye daidai inda kumfar take. Akwai wani abu da masu amfani da na'urar ba su cika lura da shi ba: muddin gashi yana da ruwa a jikinsa, tururin da ke tashi yana ɗauke zafi yana sanyaya shi, amma da zarar ruwan ya ƙare sai zafin silin ya haura zuwa na iskar da ke dukansa. Saboda haka mintunan ƙarshe, lokacin da ake bi ana sake bi domin gashi ya miƙe sosai, su ne suka fi haɗari, kuma a nan ne ake buƙatar na'urar da za a iya sauke zafinta.

Gashin da ya fi yawa a ƙasar Hausa ya fi na sauran jama'ar duniya saurin karyewa, domin silinsa ba zagayayye ba ne, yana da faɗi ta gefe ɗaya, yana murɗewa a wurare da yawa, kuma kowace murɗa wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ma ba ya gangarawa cikin sauƙi zuwa ƙarshen silin da ya nannaɗe, shi ya sa bakin gashin ke zama a bushe. Idan aka ƙara da rilaksa, al'amarin ya ƙara tsananta: binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya nuna cewa gashin da aka sa wa rilaksa yana da ƙarancin sinadarin sistin, wanda shi ne ke ɗauke da ɗaurin sulfa ɗin da aka ambata. Matar da ke sa rilaksa, ta wanke kai, a busar mata da zafi mai yawa, sa'annan a ɗaure gashin da kitso mai tsauri duk a yini ɗaya, ta haɗa wa silin nan wahala uku, kuma ba abin mamaki ba ne ta ga guntayen gashi a kafaɗarta da bakin mataji.

Cikin na'urar kanta babu wani sirri mai yawa. Akwai fanka da ƙaramin moto ke juyawa, tana zuƙo iska ta ragar baya, tana tura ta kan wata nannaɗaɗɗiyar waya ta nikirom, wato haɗin ƙarfen nikel da kiromiyam, wadda ke yin zafi idan wuta ta ratsa ta. Kusan duk wat ɗin da aka rubuta a kwali wannan wayar ce ke shanye shi, moton kuwa kaɗan yake ci, don haka lambar 2000 ko 2200 tana faɗin yawan zafin da ake samarwa ne, ba ta faɗin ƙarfin iskar da za ta kwashe shi. Lissafin a bayyane yake: idan zafi iri ɗaya ya rabu a kan iska mai yawa, iskar takan fito da ɗumi, idan kuma iskar ta ragu da rabi, ƙarin zafin da take ɗauka yakan ninka. Wannan ne ya sa na'ura mai wat da yawa da raunanniyar fanka ta fi kowace iri ƙona gashi, kuma shi ne ya sa na'urar da ƙura da burbushin gashi suka toshe ragarta take ƙara zafi a hankali har ta fara warin ƙauri ko ta kashe kanta. Wani abin lura da ya shafi yankin Sahel kai tsaye shi ne cewa na'urar da ba ta da ma'aunin zafi tana ɗora zafinta ne a kan na iskar ɗaki, saboda haka makunnin da ke ba da iska mai daɗi a ɗakin gwaji mai digiri 20 zai ba da wadda ta fi ta da digiri 20 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da iskar gari ke kaiwa digiri 40.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi a wannan fage shi ne wanda likitocin Jami'ar Yonsei ta Koriya ta Kudu suka wallafa a mujallar Annals of Dermatology a 2011. Sun wanke curin gashi sun busar sau 30 ta hanyoyi daban-daban: wani an bar shi ya sha iska da kansa, wani an busar da shi daga nisan santimita 15 inda zafin ya kai digiri 47 na ma'aunin Salshiyas, wani daga santimita 10 a digiri 61, wani kuma daga santimita 5 a digiri 95. Sun ga cewa ɓawon gashi yana ƙara lalacewa gwargwadon ƙaruwar zafi, abin da kowa zai yi tsammani, amma sun kuma ga cewa gashin da aka bari ya bushe da kansa ya samu lahani a sinadarin da ke manne sassan silin da juna, mai yiwuwa saboda daɗewar da ya yi a jiƙe. Suka kammala da cewa busarwa daga santimita 15, ana motsa na'urar ba tsayawa, ta fi barin gashi a jiƙe sauƙin lahani. Darasi mafi girma a cikin waɗannan alƙaluma shi ne cewa tazarar santimita 10 kacal ta kai zafin daga digiri 47 zuwa 95. Gargaɗi ne kuma ga masu ɗaura ɗankwali ko sa hijabi a kan gashin da bai gama bushewa ba, su yini da danshi a kai.

Sai dai shawarar santimita 15 tana cin karo da yadda ake aiki a mafi yawan shagunan gyaran gashi na Kano da Kaduna da Maraɗi, inda ake maƙala mataji a bakin na'urar a riƙa tsefe gashin da shi daga tushe zuwa baki. A wannan hali babu tazara ko kaɗan, gashin yana cikin haƙoran matajin daidai inda iskar ta fi zafi, ana kuma jansa da ƙarfi yana jiƙe, lokacin da ya fi rauni. Duk wanda ya tsaya kusa da kujerar zai ga tururi yana tashi, ya ji ƙarar silin da ke tsinkewa, ya ga mai kan tana ɗan janye wuya idan bakin na'urar ya matso kunne. Tunda nisa ba zai yi aiki ba a nan, dole ne kariyar ta fito daga na'urar kanta, kuma wannan ne ya sa matakin zafi na ƙasa ya fi muhimmanci ga mai irin wannan gashi fiye da yadda yake ga Baturiya ko 'yar Koriya. Akwai hanya mafi sauƙi ga gashi, wato a raba shi kashi-kashi bayan an tsane shi da tawul an warware sarƙar da mataji mai manyan haƙora, a riƙe bakin kowane kashi da hannu a miƙe, a bi shi da iska mai ɗumi daga tushe zuwa ƙasa daga nisan kusan taƙi ɗaya, sai a ɗauki matajin a ƙarshe idan akwai buƙata.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, abu ɗaya ne bai kamata a yi rangwame a kansa ba: makunnin zafi ya zama daban da makunnin iska. Na'urori da yawa masu araha makunni ɗaya gare su mai hawa biyu, idan aka sauke shi sai iska da zafi su ragu tare, idan aka ɗaga shi su ƙaru tare, kuma a duka biyun iskar da ke fitowa tana da zafi, domin rabon bai sauya sosai ba. Wadda ke da makunni biyu tana ba da damar a haɗa iska mai ƙarfi da zafi kaɗan, kuma wannan haɗin shi ne ake nema. Bayan haka a duba ko ragar baya tana ciruwa domin a wanke ta, da ko akwai maɓallin iska mai sanyi, wanda ke kashe wayar zafi ya bar fanka tana aiki. Yana da kyau a nemi mai shago ya jona ta, a sa ta a zafi na ƙasa da iska ta sama, a tara bayan hannu daga nisan taƙi ɗaya: iskar da fata ba za ta jure ta na daƙiƙa goma ba, bai dace a ɗora ta a kan gashi na rabin sa'a ba. Burushin nan mai hura iska mai zafi, wanda kamfanin Revlon ya yayata, yana da araha kuma yana da sauri, amma da yake gashin yana nannaɗe ne a jikin abin da ke fitar da zafin, ya fi dacewa da gashin da ya kusa bushewa.

Matsakaicin farashi shi ne inda kuɗi ya fi yin amfani. A nan ake samun na'urorin da kamfanoni irin su Parlux na Italiya da BaByliss da Philips ke ƙerawa, masu moto mafi ƙarfi da ƙarko, da matakan zafi daban-daban, da siririn baki mai tattara iska wuri ɗaya, wasu kuma da faifan baza iska wanda ke busar da nannaɗaɗɗen gashi ba tare da ya hargitsa shi ba. Kamfanin Philips yana da matakin da ya tsayar a digiri 57, kuma ko da mutum bai yarda da duk abin da talla ke faɗa ba, rubuta lambar digiri a fili alama ce ta kamfanin da ya yarda a auna shi. A 'yan shekarun nan kuma kamfanonin Sin irin su Laifen sun shigo da moto mai tsananin gudu wanda ba shi da burushin kabon, wato guntayen gawayin da ke gogar moto suna cinyewa, tare da ma'aunin zafi, a farashin da bai kai rabin na manyan sunaye ba. Mai shagon da ke busar da kawuna da yawa a ranakun jajibirin Sallah ko lokacin bukukuwa, wannan rukunin ne ya fi dacewa da ita, domin ƙaramin moton na'ura mai araha ba a ƙera shi don aikin yini ba.

A saman kasuwa akwai Dyson Supersonic, wadda kamfanin Dyson na Birtaniya ya fitar a 2016 a kan dala 399, bayan ya ce ya kashe fam miliyan 50 wajen ƙirƙirarta. Motonta yana cikin mariƙi, yana juyi har sau 110,000 a minti ɗaya, kuma ma'aunin da ke bakinta yana auna zafin iska sau 20 a kowace daƙiƙa a ƙirar farko, yana daidaita wayar zafin don kada ta wuce iyaka. Wannan ci gaba ne na gaske, domin ya magance matsalar ƙarin zafi ta toshewar raga da ta zafin ɗaki da aka ambata, kuma ya rage lokacin busarwa da gajiyar hannu. Amma matakinta na sama yana kaiwa digiri 100, kuma matar da ta sa mata mataji ta ɗaga ta zuwa wannan mataki ta koma kusa da digiri 95 ɗin da ya fi yin ɓarna a binciken Koriya, duk da kuɗin da ta kashe. Abin da tsada ke saye shi ne tabbacin cewa digirin da aka zaɓa shi ne ke fitowa, zaɓin kuwa yana nan a hannun mai riƙe da na'urar. Jabun wannan na'ura sun cika kasuwannin intanet, masu kama da ita a siffa amma babu tabbacin ma'aunin a cikinsu, kuma saye irinsu asara ce biyu, ta kuɗi da ta gashi.

Kalmomin da ake ƙawata kwali da su ba su cancanci dogon bayani ba. Ayon ƙwayoyin iska ne masu ɗauke da caji, kuma amfaninsu da aka tabbatar shi ne rage cajin da ke sa gashi ya tashi tsaye yana manne wa mataji, abin da aka fi gani a lokacin hunturu, amma ba sa rage digiri ko ɗaya daga zafin iskar. Rufin tangaran da na dutsen tumalin suna iya taimakawa wajen daidaita yaɗuwar zafi, sai dai yanzu kusan kowace na'ura tana iƙirarin tana da su, don haka ba su isa su zama dalilin ƙarin kuɗi ba. Man kariya daga zafi mai sinadarin silikon, wanda ake shafawa kafin busarwa, ya fi waɗannan duka amfani, domin yana rage gogayya tsakanin gashi da mataji yana kuma rage saurin shigar zafi. Man kaɗanya kuwa ya fi kyau a bar shi sai an gama, a shafa don riƙe laushi.

Batun wutar lantarki yana da nasa nauyin a wannan yanki. Nijeriya da Nijar suna amfani da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 230, Amurka kuwa bolt 120, kuma na'urorin da ke shigowa cikin kayan gwanjo ko tsarabar 'yan'uwa daga can, waɗanda galibi aka rubuta musu wat 1875, idan aka jona su kai tsaye wayar zafinsu takan yi ƙoƙarin fitar da kusan ninki huɗu na abin da aka ƙera ta a kai, ta yi ja ta ƙone cikin ɗan lokaci. Sauya kan filogi ba ya magance wannan, dole ne a karanta lambar bolt da ke jikin mariƙin, sai fa ƙananan na'urorin tafiya masu makunnin sauya wuta. Na'ura mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9, abin da ya fi ƙarfin siririyar wayar ƙari ta kasuwa, tana cin yunit ɗaya na mita a rabin sa'a, kuma ƙaramin janareto ko inbatar sola da ba ta kai wat 1000 ba ba za ta ɗauke ta ba. Gidan da ya dogara da irin wannan wuta ya fi cin riba da na'ura mai moto mai gudu da wat kaɗan, wadda ma a matakin sanyi ko ɗumi take busarwa da ƙarfin iska. Haka kuma bai kamata a kai na'urar banɗaki kusa da bokitin ruwa ba, domin toshen kariya daga faɗawa ruwa, wanda ya zama ƙa'ida a Amurka tun farkon shekarun 1990, ba kasafai ake samunsa a na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba.

Akwai kuma na'urar zama, mai kwano da ake shigar da kai ciki, wadda wasu ke ganin ta tsufa alhali ga gashi mai rilaksa ko mai kitso ta fi handiraya sauƙin lahani, tunda zafinta matsakaici ne, yana zagaye kai daidai, kuma babu ja babu taza yayin da gashi ke bushewa. Aibinta shi ne tsawon zama, da kuma halin wasu masu shago na ɗaga zafinta zuwa ƙarshe domin layi ya ragu. Ga mai busarwa a gida akwai hular yadi mai bututu da ake maƙalawa a bakin handiraya, wadda ke yin kusan aikin na'urar zama a kan kuɗi kaɗan, da sharaɗin a bar zafin a matakin ƙasa, domin hular tana rage fitar iska, kuma raguwar iska tana ɗaga zafi. Duk matar da ke zuwa shago tana da haƙƙin ta tambayi matakin da aka sa na'urar, ta nemi a sauke shi, ta kuma ce a tsaya idan ta ji zafi a fatar kai ko warin ƙauri, ko da hakan zai ƙara mata minti goma a kujera, kuma mai shagon da ke son kwastomominta su dawo da gashi mai tsawo ya kamata ta cire ragar bayan na'urorinta ta goge ta kowane mako, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙurar hunturu ke toshe ta cikin kwanaki.